Ƙanƙara Biyu a Dutsen Kagoro

Mun bar Kafanchan da assalatu,
akwatin rigakafi rataye a wuyana,
ƙullin ƙanƙara huɗu a ciki, na ƙirga su sau uku
kamar mai riƙon kuɗin da ba nasa ba.
Afirilu ne. Ƙasa ta sha ruwa sau biyu kacal,
tana ƙamshi, amma ba ta ƙoshi ba.

A gindin dutse Baba Kambai ya dubi takalmina,
ya yi dariya da haƙoransa uku:
"Malama, wannan ai na ofis ne.
Na san dutsen rani, na san na damina,
na tsakaninsu ne ba ya cika alkawari."
Ya saro sanda, ya fere ta, ya miƙo mini.

Da ladabi hanya ta fara.
Sai gansakukar da ta kwanta wata biyar kamar matacciya
ta farka kore shar a kan fa;
ka taka ta, duniya ta janye tabarmarta.
Zigwai na gaba, rajista cikin leda,
tana kiran abin da ta gani:
"Wannan dutsen rawa yake!
Nan ganye ne, rami ke ƙasansa!
Saki saiwar nan, ruwa ya ci gindinta!"
A wani tsagi kububuwa ta fito shan hantsi.
Muka kauce. Ta riga mu zuwa.

Rana ta take. Gumi har cikin ido.
Na kara kunne a jikin akwati,
na ji ƙanƙarata ta fara zama ruwa,
ga yara goma sha tara can sama
da sunayensu a hannun Zigwai.

Hadari bai yi sallama ba.
Ya taso daga gabas, baƙi kamar gindin tukunya.
Baba ya ce, "Ku bar fili, ku bar doguwar bishiya,
aradu mai tsayi take nema."
Muka tsuguna ƙarƙashin leɓen wani dutse,
sama ta buɗe baki,
ba ruwa ta zubo ba: tsakuwa fara,
kwas, kwas, a kan fa, a kan ganye, a kan yatsun ƙafata.
Ni da ban san ƙanƙara ba sai a firji
da cikin kular mai zoɓo,
yau ga hanya fara fat har inda ido ya tsaya.

Tafiya a kanta, tafiya ce a kan gurjiya da aka baza.
Taku na shida ƙafa ta ƙi ni.
Na faɗi faɗuwar mai goyo,
jiki a ƙasa, akwati a sama,
na sulale kamu biyu zuwa baki,
inda ba komai sai hazo da ƙarar rafi can ƙasa.
Sanda ce ta maƙale a tsagi.
Sannan hannun tsoho a wuyan hannuna,
busasshe, mai ƙarfi kamar igiyar rijiya.

Ba wanda ya ce uffan.
Zigwai ta kwance ɗankwalinta,
ta dinga tsince abin da ya so kashe ni,
ta ƙulle shi, ta naɗe akwatin da shi.

Ƙoramar da aka ce taku ɗaya ce
ta kai mana cinya, ja wur, tana jan reshe.
Muka zauna har ta huce.

La'asar muka isa.
Yara na tsotsar ragowar ƙanƙara daga cikin kwano,
suna dariyar gwiwata.
Na buɗe akwati: da sauran sanyi.
Kuka goma sha tara, na ƙirga shi ma.

Na ce mu juya kafin duhu.
Baba ya girgiza kai, yana cire ƙaya daga diddige:
"Hawa ƙane ne, saukowa ce babbar yaya.
Gobe, in fa ya bushe."

Daren nan na kwana da sandar a gefena,
takalman ofis suna ɗiga a bakin murhu.